Kama Da Wane Ba Ta Wane: Agogon Kwaikwayo Da Gaskiyar Ciniki

Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce mu tattauna wata tambaya wadda ta fi abin da ya jawo ta girma. Tambayar kuwa ita ce: idan mutum ya ƙera abu kama da na wani, ko kuwa ya ɗauki tsohon abu ya sassake masa kayan ciki, a ina ne aikin nasa yake tashi daga gwaninta ya koma ha'inci? Abin da za mu yi awo da shi shi ne agogon hannu, musamman irin wanda ake kira agogon nutso, wanda kwaikwayonsa ya cika kasuwanninmu, tun daga Sabon Gari a Kano har zuwa teburin mai gyaran agogo a kasuwar Bici.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan mutumin Bici da agogon nutso? Tambaya ce mai ma'ana. Bici gari ne na manoma, wajen kilomita 40 daga Kano a kan hanyar Katsina, ƙasar gero da dawa da gyaɗa, inda gona take jingine da gona. Kafin mutum ya ga teku sai ya yi tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa Ikko. Babban ruwan da ke kusa shi ne madatsar Watari ta Bagwai, zurfin da aka fi sani kuwa shi ne na rijiya. Duk da haka samarinmu suna ɗaura wannan agogo ranar salla da ranar ɗaurin aure. Tun da wayar hannu ta karɓe aikin faɗin lokaci, agogo ya zama ado da kuma shaidar ko wane ne mai shi. Abin da ake saya domin shaida kuwa, tilas ne a bincika gaskiyar shaidar tasa.

Asalin Agogon Nutso

A shekarar 1953 kamfanoni biyu na ƙasar Suwizalan suka fito da agogon da aka yi musamman domin masu kurme a teku. Rolex ya fito da Submariner, wanda aka ce zai jure zurfin mita 100. Blancpain kuma ya fito da nasa, wanda sojojin ruwa na Faransa suka yi aiki da shi, ya ba shi suna mai ma'anar "gaba hamsin", watau kimanin mita 91. Da gaba muke auna rijiya a nan ƙasar Hausa, saboda haka mai karatu yana iya kwatanta zurfin da kansa. A 1965 kamfanin Seiko na Japan ya biyo baya da nasa mai jure mita 150.

Kowace siffa ta wannan agogo tana da dalili. Mai kurme yana goye da tukunyar iska, iskar kuwa ƙidayayya ce, saboda haka tilas ya san minti nawa ya yi a ƙasa. Zoben nan mai juyawa da ke kewaye da gilashi, da shi yake sa alamar lokacin da ya shiga. A agogunan yanzu zoben gefe ɗaya kaɗai yake juyawa, domin idan wani abu ya buge shi ya goce, sai ya nuna wa mutum ya daɗe fiye da yadda ya daɗe, ya fito da wuri. Manyan ɗigon da ke fuskar agogon an shafa musu sinadari mai haske saboda duhun ruwa. Marfin baya da ɗan kan da ake wana agogon da shi murɗe su ake yi a kan zoben roba, domin duk mita 10 da mutum ya ƙara nitsewa, ruwa yana ƙara danne shi da nauyi daidai da na iskar da ke kanmu a tudu. Hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta kafa doka mai lamba ISO 6425, wadda ta ce ba a kiran agogo na nutso sai ya jure mita 100 aƙalla, an kuma gwada shi da matsin da ya ɗara abin da aka rubuta a fuskarsa da kashi 25 cikin 100.

Ashe ke nan rubutun da ke fuskar agogon nutso alkawari ne wanda ran mutum yake rataye a kansa. Tun daga shekarun 1980 ƙananan na'urori masu lissafi suka karɓe yawancin wannan aiki daga hannun agogo, amma siffarsa ta zauna, tsofaffinsa kuma suka zama kayan tarihi masu tsadar gaske. Inda tsada ta shiga kuwa, nan masu kwaikwayo suke biyowa.

Aiki Iri Uku

Ana bukatar mu rarrabe ayyuka uku waɗanda ake yawan cuɗa su wuri ɗaya.

Na farko shi ne gyara. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai gyaran agogo ranar kasuwa ya san ɗan akwatin gilashin nan da ke cike da matattun agoguna. Daga nan yake samun kayan aiki. Ya ciro sifirin daga wannan, ya ciro hannun minti daga wancan, ya goge bakin gilashi har ya zauna. Da haka tsofaffin Seiko 5, waɗanda aka fara yi a 1963, suke ta yawo a hannun dattawanmu har yau.

Na biyu shi ne haɗa sabon agogo mai kama da tsoho. Wannan sana'a ce ta sosai a duniya yanzu. Mutum ya sayi inji, yawanci wanda ake kira NH35, na gidan Seiko, mai bugawa sau 21,600 a awa, watau sau 6 a kowace daƙiƙa. Sa'an nan ya sayi gida da fuska da hannaye da zobe, akasari daga masana'antun ƙasar Sin. Aikin yana son natsuwa. 'Yan ƙafafun da ke bayan fuskar sai sun dace da ramukan injin. Hannayen sai an danna su ɗaya bisa ɗaya ba tare da sun taɓa juna ba. Sandan wani sai an yanke shi daidai, in ya yi tsawo kan ba zai murɗu ba, in ya gaza ba zai kama ba. Zoben roba sai an shafa masa mai kafin a rufe. Wanda ya iya wannan gwani ne, babu ja.

Na uku shi ne a yi duk wannan aiki, sa'an nan a buga sunan wani kamfani a fuskar, a kuma tsofar da agogon da gangan. Sinadarin hasken da aka yi amfani da shi daga shekarun 1960 zuwa na 1990 yana rasa rabin ƙarfinsa duk bayan kimanin shekara 12, ɗigon kuma yakan rine ya koma ruwan madara. Masu tara tsofaffin agoguna suna biyan kuɗi mai yawa saboda wannan launi. To, sai masu wayo suka gane ana iya samunsa cikin yini ɗaya da ruwan shayi ko gahawa, ko ta hanyar gasa fuskar a wuta kaɗan, zoben kuma a koɗar da shi da ruwan bilic.

Hannu ɗaya da kayan aiki ɗaya suna iya yin ayyukan nan uku. Saboda haka ba a kayan aiki za mu nemi bambancinsu ba.

Fartanyar Gado

Bari mu fara da gyara, domin akwai tsohuwar tambayar falsafa a cikinsa. Marubucin Girka, Plutarch, ya ba da labarin jirgin ruwan wani jarumi mai suna Theseus, wanda mutanen Atina suka ajiye domin tunawa. Duk katakon da ya ruɓe sai a cire a sa sabo, har ya zamana masana suna gardama ko jirgin nan shi ne na dā ko kuwa wani ne. A ƙarni na 17 masanin Ingila, Thomas Hobbes, ya ƙara wa tambayar wuya. Ya ce, to idan wani ya tattara tsofaffin katakan ya sake haɗa jirgi da su fa, wanne ne na ainihi?

Manomin Bici ya san wannan tambaya ko da bai san sunan Girka ba. Yana da fartanyar da ya gada daga mahaifinsa. Ƙotar ta karye an sake ta sau uku, ruwan fartanyar ya cinye an kai wa maƙeri ya sake shi sau biyu, amma har gobe sunanta fartanyar Baba, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Haka gidan ƙasa yake, duk shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina, bayan shekara 50 da wuya a sami ƙasar farko a bayan katanga, amma gidan yana nan gidan su wane. Abin da ya riƙe sunan shi ne aikin da abin yake yi, da kuma rashin yankewar tarihinsa a hannun mutanen da suka san duk abin da aka sake.

Amma a ce wani Bature mai tara kayan tarihi ya zo yana neman fartanyar da aka ƙera kafin zuwan Turawa Kano a 1903, sai manomin ya miƙa masa wannan ya karɓi kuɗin tsohuwa. Nan take magana ta sake. Fartanyar ba ta canja ba, abin da aka faɗa a kanta ne ya canja, da kuma abin da aka biya kuɗi dominsa. A ganina amsar tambayar Plutarch ta dogara ga dalilin da ya sa ake yin ta. Agogon da aka sake wa inji da gilashi da hannaye agogon Baba ne ga ɗan da ya gaje shi. Ga mai saye kuwa, haɗe-haɗe ne, kuma haƙƙinsa ne a gaya masa.

Kwaikwayo A Kan Kansa

Aiki na biyu, watau haɗa sabo kama da tsoho, shi ma ba a ga laifinsa ba. Duk wata sana'a da kwaikwayo ake koyonta. Ɗan maƙeri yana kallon ubansa, mai ɗinkin hula yana ɗauko zane daga hular da ya gani a kan wani, ɗan makarantar allo yana bin rubutun malam. Atamfar Holan da matanmu suke ɗauka ita ce ta ainihi, ita kanta kwaikwayo ce ta rinin mutanen tsibirin Jawa na Indunisiya, wanda masana'antun Holan suka koyi yi da inji a ƙarni na 19. Dokar ciniki ta zamani ma ta yarda da haka. Haƙƙin wanda ya ƙirƙiro wata dabara yakan ƙare bayan shekara 20, kowa ya ɗauka ya yi amfani da ita, amma tambarin kamfani ana sabunta rajistarsa muddin kamfanin yana raye. Watau doka ta saki siffa ta riƙe suna.

Akwai wani misali daga tarihinmu wanda ya fi wannan fito da maganar fili. A ƙarni na 19 fatake a Borno da ƙasar Hausa sun yi ciniki da kuɗin azurfa mai ɗauke da kan sarauniyar Ostiriya, Mariya Tariza. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin, har a wasu ƙasashe daban, kullum da shekarar 1780 a jikinsa. Ga shekara wadda ba ta gaskiya ba a rubuce ɓaro-ɓaro, amma babu wanda aka cuta, domin babu wanda ya karɓi kuɗin saboda shekararsa. Azurfa ake nema, ita kuwa tana nan, nauyin giram 28 da kashi 83 cikin 100 na azurfa. Wanda za a kira maha'inci shi ne wanda ya zuba dalma ya shafe ta da fari.

Daga nan muna iya fitar da ma'auni. Ha'inci a ciniki yana wurin abin da aka biya kuɗi dominsa. Idan abin nan yana nan, ciniki ya inganta ko da siffar aro ce. Idan babu shi, an ci amana ko da aikin ya yi kyau kamar me.

Ƙarya Uku A Fuska Ɗaya

Mu ɗora aiki na uku a kan wannan ma'auni. Fuskar agogon jabu tana faɗin abu uku. Tana cewa wane ne ya yi ni, alhali ba shi ba ne. Tana cewa na shekara 60, alhali bara aka haɗa ta. Tana cewa ina jure mita 200, alhali babu wanda ya gwada. Ukun nan kuwa su ne ainihin abin da ya sa agogon yake da daraja. Ta ukun ita ce mafi saurin tonuwa, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Alwala ɗaya ko ruwan Agusta ɗaya ya isa a ga gumi ya taru a ƙarƙashin gilashi. Ta biyun kuwa ita ce mafi muni a wurina, domin tsufa ba ya sayuwa. Furfurar dattijo shaida ce ta shekarun da ya yi, wanda ya shafa toka a kai domin a ba shi tabarmar manya ya saci girman da bai wahalta wa ba.

Malamanmu na fikihu sun daɗe da yanke wannan hukunci. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya hana algus da ɓoye aibin haja a babin ciniki. Sanannen labari ne kuma cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata masa a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani. A lura, sayar da jiƙaƙƙen bai zama laifi ba, ɓoye shi ne laifin.

Hujjojin Masu Kāre Jabu

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Hujjarsu ta farko ita ce, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saurayin da ya sayi "Rolex" da kuɗin da bai kai na buhun gero ba ya san abin da ya saya, mai sayarwa ma ya san ya sani. To, wa aka cuta?

Hujja ce mai ƙarfi, kuma na yarda cewa tsakanin su biyun babu ruɗi. Sai dai agogo ba ya tsayawa a hannun mai sayen farko. Ana ba da shi kyauta, ana sa shi a lefe, ana jinginar da shi, ana rabon gado da shi, ana sake sayar da shi. Bakin mai sayarwa da ya faɗi gaskiya yana can kasuwa, rubutun ƙaryar kuwa yana biye da agogon duk inda ya je. Bugu da ƙari, mu tambayi kanmu, me ya sa saurayin ya zaɓi mai sunan, ga kuma marar suna mai siffa ɗaya da inji ɗaya? Ya zaɓe shi ne domin masu kallo, watau mai ba da bashi da abokin ciniki da gidan da yake neman aure. Shi ba a ruɗe shi ba, amma ya sayi abin ruɗin wasu.

Hujja ta biyu ita ce, manyan kamfanonin nan su ma suna tsawwala kuɗi a kan suna kawai, talaka kuma yana da haƙƙin ado. Wannan ma akwai gaskiya a ciki, tun da agogon batir mai araha ya fi yawancin masu wani kiyaye lokaci, abin da aka sani tun da Seiko ya fito da irinsa na farko a 1969. Amma abin da hujjar ta halatta wa talaka shi ne siffar, ita kuwa mun riga mun ce babu mai hana shi. Tsadar kayan wani ba ta ba ni izinin sa hannu da sunansa ba. Kuma wanda ya ce suna banza ne, sa'an nan ya biya a buga masa sunan, ya ƙaryata kansa.

Wa Ya Fi Yin Hasara?

Kamfanin Suwizalan ba zai ji a jikinsa ba don an sayar da jabunsa a Bici. Wanda ya fi kowa hasara shi ne mai sana'ar da kansa. Mutumin da ya iya zaunar da hannaye uku a kan inji, ya yanke sandan wani daidai, ya rufe agogo ruwa bai shiga ba, idan ya buga sunan wani ya kyautar da yabonsa. In aikin ya yi kyau a yabi Bature, in ya lalace a zage shi. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu Hausawa mun ɗanɗani wannan ta fuska biyu. Shekaru aru-aru fatar akuyar Sakkwato da Kano tana ƙetare Sahara, tana isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, a can kuwa sunan da aka san ta da shi shi ne fatar Maroko. Majemanmu suka yi aikin, wasu suka ɗauki sunan. A zamaninmu kuma, cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Kano da Kaduna, ban da rashin wutar lantarki, akwai atamfar fasa-ƙwauri mai ɗauke da zane da tambarin masaƙun gida. Babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, dubban ma'aikata suka koma gida. Al'ummar da ta ga haka bai kamata ta ɗauki satar suna wasa ba.

Kammalawa

Abin da na yi ƙoƙarin nunawa shi ne, gyara halal ne, kwaikwayon siffa hanyar koyo ce, ha'inci kuwa yana shiga ne lokacin da abu ya yi da'awar suna ko shekaru ko ƙarfin da ba shi da su, aka kuma biya kuɗi ko aka ba da girma saboda wannan da'awa. Maganin bai da tsada. Mai gyara ya faɗi abin da ya sake. Mai haɗawa ya bar fuskar babu suna, ko ya sa nasa. Kada a rubuta zurfin da ba a gwada ba.

'Yan'uwana ɗalibai, maganar ba ta tsaya a kasuwa ba. Takardar digirin da muke nema ita ma fuskar agogo ce, tana ɗauke da sunan jami'a da shekarun da muka yi da zurfin da aka ce mun kai. Ɗalibin da ya karanta ayyukan magabata ya bi hanyarsu, ya kuma faɗi inda ya ɗauko, ya yi irin aikin mai haɗa agogo na gaskiya. Wanda ya kwafe kundin wani ya sake bango, ko ya shiga jarrabawa da takarda a aljihu, ya buga suna a kan abin da ba a gwada ba. Gobe za a tsayar da shi gaban aji, ko a ba shi kujerar alƙali ko ta likita, a nan ne ruwa zai gwada shi, kuma ba shi kaɗai zai sha wahalar ba. Magabata sun ce kama da wane ba ta wane. Allah ya sa abin da aka rubuta a fuskarmu ya dace da abin da ke cikinmu, amin.